Yadda Na Dafa Gadon Anti Rukhsana

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Anti Rukhsana ta tsaya a gaban firijina da ƙaramin kofi a hannu ba.

Maƙwabciyata ce a unguwar Al Thumama, nan ƙasar Larabawa inda nake aiki, 'yar Indiya, gwanar haɗa wani kindirmo da suke kira dahi. Kullum takan rage cokali ɗaya ta zuba a sabuwar madara, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke ciki su sa ta kama. Irin kuwa na marigayiya mahaifiyarta ne, tun daga gida ta taho da shi.

Ranar da ta ɗiba min, ta fara bayani sai na katse ta. "Haba Anti, ni fa jikar Fulani ce." (Kakar tawa a Fagge aka haife ta, ko saniya ba ta taɓa tatsa ba.) Ga ni kuma ma'aikaciyar jinya, kowace ƙwayar halitta abokiyar gaba nake ɗaukarta. Na juye irin a madara tana tafasa, har na ƙara mata minti biyar don tsafta. Washegari na buɗe tukunya, ruwa tsululu.

Maimakon in faɗi gaskiya, sai na sayo na kanti, na dama fura na kai mata. Ta kurɓa, ta ce ya yi daɗi. Wata uku ina wannan wasan.

Sai ita da mijinta suka yi tafiya, firijinsu ya lalace a bayansu. Da ta dawo ta buga min ƙofa, idanunta jajur.

"Ƙanwata, nawa ya mutu. Alhamdulillahi da na ba ki. Cokali ɗaya ya ishe ni."

Bakina ya riga hankalina, na ce, "Yalla, shigo." Na buɗe firiji. Robobin kanti huɗu a jere, kowace da tambarinta. Na ji kamar in shige ciki in rufo ƙofa.

"Anti, na dafa shi. Tun ranar farko."

Ta ja kujera ta zauna. Da ma faɗa ta yi, da ya fi min sauƙi. A hankali ta ce, "Na ji ba ɗanɗanon na mamana ba ne. Sai na ce ko madararki ce daban."

Can ta tuna ta taɓa ba Hajiya Memuna, wata 'yar Ghana abokiyar aikin mijinta a filin jirgi. Ni na tuƙa mu har unguwar Mu'aither, inda Hajiyar take. Allah ya taimake ni, irin Hajiya yana nan da ransa. Anti ta ɗanɗana, hawaye suka zubo mata.

Da muka dawo ta sake ɗiba min, ta kama yatsana ta tsoma a madara. "Ɗumi kawai. Kin ji?"

"Na ji, Anti."

Na dai koyi cewa "ban iya ba" bai taɓa kashe kowa ba. "Na iya" ɗina kuwa sai da ya hallaka al'umma guda a tukunya.