Ranar da Baffa Ya Ga Kansa a Talabijin

Ba zan taɓa mantawa ba, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Asabar abin ya fara lalacewa. Na riƙe lokacin ne domin a daidai nan na duba agogo na rubuta a littafina: "An kunna, komai lafiya." (Ni irin mutanen nan ce masu rubuta komai, har ranar da akuyarmu ta haihu tana nan a shafi na tara.)

Baffa, yayan mahaifinmu, ya dawo daga aikin Hajji da hotuna da bidiyo cike da wayoyi biyu. Yaya Sani da ke aiki a birni ya kawo talabijin, ya ce a nemo na'urar da za a tara komai a cikinta, a riƙa kallo a gida ba sai da data ba. Da yake ni ce "mai karatun gidan", aka ɗora mini zaɓe. Sati biyu na yi ina bincike. Na ja layuka a littafi: wacce ba ta shan wuta, tunda solar ɗinmu da ƙyar take kai fanka magariba, wacce ke ɗaukar kaya da yawa, wacce za ta haɗu da waya ba sai an jona igiya ba. A ƙarshe na zaɓi wani ɗan baƙin akwati, bai fi sabulun wanki girma ba.

Da nake saita shi, sai ya tambaye ni ko ya riƙa kwashe duk abin da ke cikin waya da kansa. Na taɓa karantawa cewa mai hankali ba ya barin abinsa a wuri ɗaya. Na danna "eh". Kuma da wayata na fara gwadawa.

To ga abin da ke cikin wayar tawa. Na samu gurbin karatu a wata kwaleji a birni, amma sai da kwana a makaranta, don daga ƙauyenmu zuwa titin Minjibir kaɗai tafiya ce. Baba ya ce shi ba shi da ta cewa, a jira yayansa. Ni kuwa ko gaishe da Baffa zan yi, tsoro nake ji. Sai na riƙa zagawa bayan rumbu, in jingina waya da dutse tana ɗaukar bidiyo, in durƙusa in yi roƙona. Daga nan in miƙe, in kafa hular Baba, in hau kan turmi, in ba kaina amsa da muryar Baffa. Gwaji goma sha ɗaya na yi, kowanne da lambarsa.

Ranar Asabar ɗin tsakar gida ya cika da 'yan barka da zuwa. Gwaggo Talatu, ƙanwar su Baba, ta zauna gaba-gaba da dabinonta a hannu. Baffa na kan kujera cikin farar jallabiya. Aka ga Ka'aba, aka yi kabbara. Aka ga Baffa a Mina, Gwaggo ta share hawaye. Ni ina gefe da rimot, ina jin kaina kamar injiniya.

Bidiyon Mina na ƙarewa, akwatin ya wuce na gaba da kansa.

Sai ga rumbunmu. Sai ga ni, da hula har kunne, a kan turmi.

"Gwaji na bakwai," in ji ni ta cikin talabijin. Na yi tari irin na Baffa, sau uku, na shafa gemun da ba ni da shi. "To, to, to. A zamaninmu, yarinya, ko Ungogo mace za ta je sai an yi taron dangi!"

"Innalillahi!" in ji Gwaggo Talatu, dabino ya faɗi daga hannunta. "Wannan ba hular babanki ba ce?"

Na danna rimot don in kashe, ashe ƙara na ƙara. Na sake dannawa, ya koma farko. Tarin ya sake fitowa, wannan karon har maƙwabta sun ji. Baffa kuwa, da firgici ya kama shi, sai ya yi tari. Sau uku. Daidai da na talabijin. Nan matan gidan suka kife a kan tabarma don dariya. Inna ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. (Har yau tana rantsuwa kuka take yi.)

Ni da na karanta takardar na'urar nan daga bango zuwa bango, ban tuna ana iya zare soket ba. Yaya Sani ne ya zare.

Kwana uku ban fito tsakar gida ba sai alwala. Na haƙura da makaranta, har na fara tunanin koyon ɗinki. Abin da na koya dai shi ne, idan na'ura ta tambaye ki "komai da komai?", ki tsaya ki tuna me kika aikata a bayan rumbu kafin ki amsa.

Rana ta huɗu Baffa ya aiko a kira ni. Na durƙusa nesa da shi, idona a ƙasa.

"Na sa Sani ya kunna mini sauran," ya ce. "Duk goma sha ɗayan na kalla. Wancan Baffan na kan turmi, ko sau ɗaya ya yarda ki tafi?"

"A'a, Baffa," na ce da ƙyar.

Ya fara jan numfashi kamar zai yi tari, sai ya fasa.

"To ni ban kai shi mugunta ba. Je ki haɗa kayanki."