Takalmin da ya girmi surukata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar bikin Suha, ƙanwar mijina, a wani zauren biki na unguwar Harra ta Yamma. Ni 'yar Kano ce, aikin harhaɗa magani ya kawo ni Madina, aure ya zaunar da ni. Dangin mijina Hausawa ne, amma haifaffun nan. In na yi wa 'yan matansu Hausa, da Larabci suke amsa mini, kuma har lokacin "Najeriyya" suke kirana. Abin yana ci mini rai.

Sai Goggo Hauwa, yayar surukata, ta ce ni zan riƙe kaskon turare a gaban amarya. Wannan aikin 'yar gida ne! Ta kuma jawo akwati ta miƙo mini takalmin mahaifiyarsu.

"A Sudan ta saya, kan hanyar Hajji, lokacin yaƙin duniya," in ji ta. "Fata duk ta tafi wajen soja, sai mata suka koma tudun katako. Ki sa shi, 'yata."

Tudun ya kai tafin hannu, saman yadi ne ja. Na karɓa har da ƙwalla (ban tambayi kaina me ya sa 'yan gidan ba su yi rububinsa ba).

Ranar biki na tuɓe abaya, na hau takalmi, na fi kowa tsawo. Aka rage fitilu, mata suka yi tsit, na fara tafiya a kan marmara: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Muna tsakiyar zaure tudun ƙafar hagu ya ɓalle. Bai tsaya nan ba, sai da ya sulale ya daki teburin gahawa.

"Ya sattar! Esh hada?" in ji wata a baya, wato "Ya Mai rufin asiri! Mene ne wannan?"

Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse. Amma garwashi ne a hannuna, ga amarya a bayana. Na ce wallahi ba zan miƙa wa kowa kaskon nan ba. Haka na ƙarasa, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, ina ɗingishi, hayaƙi yana bina a karkace, kaina a sama.

Da na je ba Goggo haƙuri, dariya take har da hawaye.

"Haka ya yi wa uwata a bikina! Ita zama ta yi a ƙasa. Ke kin fi ta taurin kai, tamu ce ke."

Darasin da na koya: in aka ba ki gadon da 'yan gida ba su yi faɗa a kai ba, gwada shi a tsakar gida tukuna. Na kai an buga masa ƙusa. Akwai wani bikin bayan Sallah, kuma shi zan sa.