Ɗaki Takwas, Minti Goma, Ni Kuma Ina Gaisuwa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Zauren Gizo, masu manhajar karatu ta bidiyo, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa, irin wadda manhajarku ba ta barin mutum ya ƙarasa, sunana Ɗanladi Auta, malamin aikin gona a nan Wudil. Shekara ashirin da shida ina shan ƙurar alli, sai bana aka ce in koma koyarwa ta kwamfuta. Ranar Talata shugabar sashenmu, Dakta Saudatu, ta shigo ajina don ta yanke hukunci: a bar mini kwas ɗin, ko a miƙa wa Godwin, wanda ni na koya masa bambanta gero da maiwa. Don in burge ta, na danna maɓallin nan naku mai raba ɗalibai ƙananan ɗakuna. Mutum arba'in, ɗaki takwas, minti goma, kowane ɗaki ya tattauna yadda ake kare wake daga ƙwari. Ga koke-kokena.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, a garinku haka ake faɗawa ɗakin mutane ba sallama? Ina dannawa sai ga ni tsulum a ɗaki na farko, daidai lokacin da ɗalibata Khaulat take kwaikwayon tarina, har da gyaran tabarau, tana cewa, "Kun gane ko ba ku gane ba?" Gaskiya ta iya. Ni kunya ta kama, ni na ba da haƙuri, na fice.

Na biyu. Wa ya gaya muku minti goma na isar ɗan mutunci? A ɗaki na biyu na tarar da Nu'uman, ɗan garin Darki, wanda mahaifinsa ya sha jinya. In wuce ban tambayi jikin tsoho ba? Na tambaya. Na tambayi ruwa, na tambayi shuka. Sauran huɗun kuma ba daga sama suka faɗo ba, su ma da iyayensu. Ina tsakiyar "ya mai jiki" agogonku ya kwashe mu duka ya zube a babban aji, bakina a buɗe. Ɗaki shida ko leƙawa ban yi ba.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Waɗannan ɗakuna shida sun gama aikin tsaf. Wasu har da zanen buhun ajiyar wake mai leda biyu a ciki. Ɗakuna biyun da na taka ne kawai suka dawo hannu rabbana, kuma Dakta Saudatu tana gani.

Jiya takardarta ta iso. Ta rubuta cewa ba ta taɓa ganin ɗalibaina sun yi ƙoƙari haka ba, don haka an bar mini kwas ɗin. Na yi murna har na kira uwargida ta zo ta ji. A gabanta na karanta layin ƙarshe: sharaɗin shi ne in raba su, in kunna agogo, kada in ƙara shiga ɗakin kowa.

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Ban taɓa zaton ranar da ajina zai fi kyau ita ce ranar da ba na ciki ba. Roƙona ɗaya ne: ku ƙara ɗaki na tara, ƙarami, mai kujera ɗaya, inda malami zai zauna kada ya dami masu karatu.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa agogonku haƙuri.

Naka mai biyayya, daga bakin ƙofa,
Ɗanladi Auta,
Sabon Gari, Wudil.