Yadda Za Ka Tsallaka Tabki da Kwalbar Mai Guda, da Surukinka a Ciki

Kai da albasar bana ta ɗaga har gida da mota suka yi maka kaɗan, matso kusa. Na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan, jirgin ruwanka na shan iska zai tsallaka tabki da kwalbar mai guda, kuma ba mai ƙaryata ka. Chindo na Tsarnawa ya gwada, ya kuma isa gaɓa. Shekara goma sha biyu ya yi yana kabu-kabu kafin arziki ya same shi, saboda haka ya san mai kamar yunwar cikinsa.

1. Sayi jirgi inda ba kogi

Chindo daga Kwatano ya ɗauko nasa, a bayan motar albasa da ta dawo wayam. Fari ne fat, injinsa mai ƙarfin doki arba'in. Kada ka damu da cewa ruwanmu na damina ne. Mai hankali ke wannan tunani, kuma mai hankali ba ya karanta wannan takarda.

2. Toshe kunne ga mai sayarwa

Mutumin ya ce in an murɗa injin har ƙarshe, lita goma sha biyar yake sha a awa guda.

"A kilomita nawa?" in ji Chindo.

"Jirgi ba ya ƙirga kilomita, Alhaji. Awa yake ƙirgawa."

Chindo ya yi murmushi. Shi da kwalba guda yake zuwa Konni ya dawo a kan babur, da fasinja da buhun wake. A kan ƙasa ke nan, mai ramuka. Ina ga ruwa, abin da ke da santsi? Riƙe wannan ilimi: duk abin da ke tafiya a kan ruwa, rabin aikin ruwan ke yi.

3. Cika baki gaban wanda kake jin nauyi

Malam Amadu, mahaifin matarsa Umma, shi zai yi addu'ar suna a ƙetaren tabki, ga hanyar zagaye ta zama laka. Chindo ya durƙusa, kai a ƙasa.

"Baba, in an yarda, ni ka kai ku. Kwalba guda ta isa."

"Wanga abu mai ƙugi kamar injin niƙa?"

"Bai kai moton kabu-kabu sha ba, Baba."

Umma ta ce daga bayan zana, "Ka dai riƙa bido guda."

Kada ka riƙa. Wanda ya ɗauki jarka ya nuna yana shakkar kansa. Tsaya wajen ɗan ruwa-ruwa mai sayar da mai a kwalba, ka ɗaga yatsa ɗaya yadda kowa zai gani.

4. Ba jama'a haƙƙinsu

Gari ya cika gaɓa da hantsi. Malam Amadu ya shiga da farar riga mai sitaci, ya zauna yana jan carbi. Miƙewa ƙetare kai tsaye rowa ce. Chindo ya murɗa, hancin jirgi ya ɗaga sama, ya yi zagaye uku, mata na guɗa, shanun da ke shan ruwa suka watse. A ransa yana cewa zagaye ba tafiya ba ce, tunda inda ka taso nan ka dawo.

Injin bai san wannan fatawa ba.

5. Nemi gangara

Kowane ɗan kabu-kabu ya san a gangara ake kashe inji a huta da mai. Chindo ya duba gabas, ya duba yamma. Tun da Allah ya halicci tabki bai sa masa gangara ba. Yana cikin dubawa injin ya yi tari biyu, ya yi shiru, daidai tsakiya.

"Mun iso?" in ji Malam Amadu.

"Shina hutawa, Baba."

6. Karkata

In mai ya ƙare a babur, buɗe tanki ake yi a hura, sannan a kwantar da shi gefe guda, ɗigon ƙarshe ya gangaro. Chindo ya hura. Sai ya taka gefen jirgi da dukan nauyinsa. Malam Amadu ya rungume kujera, takalminsa ɗaya ya tafi gaida kwaɗi.

"Yaro, in kashe ni za ka yi, bari in gama sunan."

7. Sauka ka tura

Nan sana'a ta yi rana. Chindo ya tuɓe shaddarsa, ya dira. Ruwa iya wuya, laka iya gwiwa. Ya sa kafaɗa, yana turawa yana kurɓa, har hancin jirgi ya taɓa ƙasa ana shirin kayar da rago. Rigar Malam ko ɗigo.

Mai gidan suna ya tarye su. "Malam, da gaske kwalba guda?"

Chindo ya saci kallon surukinsa.

"Bai yi ƙarya ba," in ji Malam Amadu, yana ɗingishi da takalmi ɗaya. "Doki arba'in sunka kawo mu tsakiya, jaki guda ya ida."

Gargaɗi

Na ce za ka isa, ban ce a cikin jirgin ba. In tabkinku ya fi na Chindo zurfi, in surukinka bai kai Malam Amadu haƙuri ba, in yara suka fara yi maka kukan jaki a kasuwa, kada ka biyo ni gida. Ba maina, ba ruwana.