Kallamu da Maburgin Injin Wanki

A garin Rafin Maje akwai gidan da ake kira gidan Isiyaku direba. Mutum uku ne a ciki: shi Isiyaku, mai jan babbar mota zuwa kudu, da matarsa Balaraba, da ƙanensa Kallamu. Kallamun nan ya haura shekara talatin, ƙato ne mai ƙarfin gaske, ga ladabi ga tsoron Allah. Matsalarsa ɗaya ce: abin da aka ce ya yi shi zai yi, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a bakin hanya ka manta, can za ka same shi gobe. Ni dai ban taɓa kiransa wawa ba, amma sauran mutanen garin ba su da irin kunyata.

Ɓarnarsa ta daɗe da isar Isiyaku, har ya rantse cewa in Kallamu ya ƙara lalata wani abu a gidan, zai mayar da shi tungar Kawu Barau, can cikin daji. Kallamu ya zauna a tungar yana yaro, kuma har yau akwai shaidar igiyar shanu a gadon bayansa. Ko sunan Kawu Barau aka ambata yana cin tuwo, sai ya tsame hannu. Ba abin da yake tsoro a duniya kamar ranar da za a ce masa ya haɗa kayansa.

Ana cikin haka Isiyaku ya sayo wa Balaraba injin wanki na gwanjo, don tana da tsohon ciki, sunkuyo ya fara yi mata wuya. Irin mai murfi a sama ne, a tsakiyarsa akwai wata sanda mai fukafukai da ke juya kaya dama da hagu, wadda Balaraba ta raɗa wa suna maburgi. An ajiye shi a bayan ɗaki kusa da makwarara, aka zura wayar wutarsa ta taga zuwa soket ɗin da ke cikin ɗaki. Kallamu ba ya son ƙugin injin ko kaɗan, in zai wuce ta wajen sai ya rage tafiya ya yi addu'a.

Wata rana da safe, Isiyaku ya tafi kudu, an kawo wuta, Balaraba ta ce wa Kallamu ya kwashe duk abin da ke kan gado ya zuba a injin ya kunna. Kallamu ya kwashe zannuwa da riguna, ya haɗa da matashin kai da tocila, ya haɗa da farin rawanin mahaifinsu marigayi, wanda Isiyaku ya fito da shi daga akwati ya ninke a kan gadon don ɗaurin auren da zai je in ya dawo. Injin ya fara aiki, can sai ƙuginsa ya sauya, ya koma nishi. Kafin Balaraba ta iso an ɗauke wuta. Suka tsamo kayan ɗaya bayan ɗaya, amma rawanin ya ƙi fitowa, rabinsa ya shige ƙarƙashin maburgin ya nannaɗe. Balaraba ta tambaye shi yadda aka yi rawani ya shiga wanki.

"A kan gado yake, Anti."

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ga yadda ya tsorata, ta fasa. Isiyaku zai dawo bayan kwana huɗu. Daren nan Kallamu bai ci abinci ba, wuta kuma ba ta dawo ba, aka ce babbar waya ce ta tsinke a hanya.

Wata rana, washegarin wannan ke nan, Balaraba ta buga wa Mamuda mai gyaran firji a birni waya. Ya ce ba zai samu zuwa ba sai mako mai zuwa, amma aikin ba wuya, maburgin za a cire gaba ɗaya. A ɓalle hular da ke kansa, za a ga noti a can ƙasa, sai a nemo sifana mai dogon wuya. Balaraba ta aiki Kallamu wajen mai gyaran babur a tasha, ta ja masa kunne kada ya gaya wa kowa abin da ya faru. Ya je ya yi sallama ya ce sifana yake so. Mai gyara ya tambaye shi lamba nawa, me za a kwance.

"An hana ni faɗa."

Mai gyara ya ajiye aikinsa. Mai shayi ya matso, masu jiran mota suka matso. Aka yi ta yi masa tambaya, shi kuwa gumi na karyo masa, amsarsa ɗaya ce. A ƙarshe mai gyara ya ɗora masa akwatin sifanun gaba ɗaya a ka, ya biyo shi don ya ga inda za a kai masa kayan sana'a, sauran kuma suka biyo mai gyara. Mutum goma sha biyu ne suka raka shi har ƙofar gida. Zancen duniya ba ya ɓuya, balle wanda aka ba Kallamu ajiyarsa. Kafin azahar har a bakin rijiya ana maganar rawanin marigayi.

Wata rana kuma, aka samu sifanar da ta dace da notin. Mamuda ya ce ta waya a juya hagu, a yi ta juyawa, kada a tsaya sai notin ya fito. Balaraba ta shiga ɗaki ta kwanta, bayanta na ciwo. Kallamu ya yi bismilla ya kama sifana ya juya. Abin da Mamuda bai faɗa ba shi ne sai an riƙe maburgin da ɗaya hannun, in ba haka ba tare da notin zai dinga juyawa. Kallamu ya ga sifana na tafiya, ya bi ta, ya zagaya injin, ya sake zagayawa. Tun hantsi yake zagaye har inuwa ta juya, ƙafarsa ta yi hanya a ƙasa. Jiri na ɗibarsa, amma duk lokacin da ya yi niyyar tsayawa sai ya tuna tungar Kawu Barau ya ƙara sauri. Da Balaraba ta farka ta same shi a haka, ba ta san dariya za ta yi ko kuka ba. Ta kama fukafukin maburgin da hannu biyu, ya juya sau uku, notin ya fito.

Amma maburgin bai motsa ba, dattin sabulu na shekaru ya liƙe shi.

Wata rana, saura kwana ɗaya Isiyaku ya dawo, Mamuda ya ce a zuba ruwan zafi a gindin maburgin, a zura igiya ta ƙarƙashin fukafukan, a ja sama da ƙarfi, kada a saki sai ya fito. Balaraba ta zuba ruwan ta ɗaura igiyar, sannan maƙwabciya ta kira ta ta katanga, ta tafi. Kallamu ya hau kan turmi, ya naɗe igiyar a hannu ya ja. Maburgin bai fito ba, injin ne gaba ɗaya ya tashi daga ƙasa, da sauran ruwan cikinsa. Ya tsaya a kan turmi riƙe da shi yana lilo. An ce kada ya saki, in kuma ƙarfinsa ya ƙare injin ya faɗi ya fashe, ya san inda zai kwana jibi. Igiyar ta yanke masa tafin hannu, hawaye na zuba, ya kasa ko kiran sunan kowa. Da Balaraba ta dawo, da ƙyar ta lallashe shi ya sauke a hankali, sai da ta rantse masa cewa saukewa ba saki ba ce.

Wata rana, ranar da ake jiran maigidan, labari ya zo cewa masu gyaran wuta sun hau falwaya. Balaraba ta sake kiran Mamuda, amma kunya ta hana ta magana, ta miƙa wa Kallamu wayar ta koma ɗaki. Mamuda ya ce masa tun da ana batun kawo wuta, kafin kowa ya sake sa hannu a injin, ya cire fulogin, ya ajiye shi inda ba wanda zai iya jona shi sai shi kaɗai. Kallamu ya zagaya ta taga ya fizge wayar injin, fulogin ya fita daga soket. Ya riƙe shi yana tunani. In ya bar shi a kan taga, Anti za ta iya ɗauka. In ya tura ƙarƙashin injin, duk wanda ya bi wayar zai same shi. Wuri ɗaya ne ba mai sa hannu sai shi. Ya ɗauko wuƙar yankan kubewa ya datse wayar, ya jefa fulogin a aljihun rigarsa, ya mayar da ragowar wayar ta taga. Sai da ya gama sannan ya gane cewa ya yanke wani abu na injin Yaya da wuƙa.

Ko zama bai yi ba ya ji sallamar Isiyaku. Tun a tasha aka ba shi labarin rawanin, da ƙari. Balaraba na jin muryarsa ta ƙara lafewa a ɗaki. Isiyaku ya zo bayan ɗaki ya leƙa injin, ya ga rawanin mahaifinsa cikin ruwan kwana huɗu. Bai zagi Kallamu ba, kuma wannan ya fi zagi ban tsoro.

"Je ka haɗa kayanka. Da safe zan sa ka a mota."

Kallamu bai gusa daga gaban injin ba. Isiyaku ya ture shi gefe, ya naɗe hannun riga, ya zura hannayensa biyu cikin ruwan har kafaɗa, ya cusa yatsunsa ƙarƙashin maburgin yana laluben rawanin. Bai tambayi fulogi ba, kwana huɗu ba wuta, wa zai yi tunaninsa?

Can sai yara suka ɗauki sowa a waje, an kawo wuta. A Rafin Maje in aka ji wannan sowar ba a tsayawa tunani, don ba wanda ya san minti nawa za ta yi. Kowace mace tashi take ta jona duk abin da ke da waya. Sabo turken wawa. Balaraba ta miƙe ta jona firji, ta sa wayar salula a caji, ta jona dutsen guga, ta janyo wayar injin daga taga ta kai ta bakin soket. Daga cikin ɗakin ba a ganin bayan ɗaki, ba ta san inda hannun mijinta yake ba. Sai ta ga waya ba kai. Ta fito da ita a hannu tana tambayar wanda ya yi wannan aika-aika.

Kallamu ya durƙusa, ya ce shi ne. Ya riga ya saduda, jira kawai yake a ambaci Kawu Barau.

Isiyaku ya dubi wayar da ke hannun matarsa. Ya dubi makunnin injin, yana nan a tsakiyar wanki inda wuta ta bar shi, da zarar ta shige shi zai ci gaba daga nan. Ya dubi hannayensa, yatsunsa goma a maƙale ƙarƙashin maburgi, ƙafarsa ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da waɗannan hannayen yake riƙe sitiyari, da su gidan ke ci. Ya zare su a hankali ya zauna a kan turmi. Balaraba ta gane abin da ta kusa yi, ta dafe bango tana salati, kuka ya ƙwace mata.

Can Isiyaku ya tashi ya danne injin da ƙirjinsa, ya ce wa Kallamu ya ja igiyar. Ja ɗaya maburgin ya fito, rawanin ya warware, ya yage kaɗan a gefe. Kallamu ya ajiye maburgin a ƙasa, ya tambaya cikin ƙaramar murya ko motar ƙarfe nawa zai hau da safe.

"Ina fulogin?" in ji Isiyaku.

"Yana aljihuna, Yaya. Mamuda ya ce ba mai jona shi sai ni."

"To ka riƙe shi da kyau. In ka tafi, wa zai jona mana?"

Kallamu ya dafe aljihunsa da hannu biyu. A yammacin nan ya cinye tuwo malmala uku, kuma ko da Mamuda ya zo bayan mako guda ya haɗa wayar, sai da ya jira Kallamu ya dawo daga gona kafin a gwada injin.