Ranar da Na Kwance Ordinatar Ramatu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, don manoman Jiratawa ba za su bar ni ba.

Ni makanike ne. Injin ban ruwa nake gyarawa. Ban shiga lakkol, makarantar boko, ba. Na yi yaron mota a hanyar Agadas, na taɓa tayar da mataccen inji cikin rairayi da guntun waya da tsohuwar roba. Bel ɗin inji ya cinye mini yatsa ɗaya, shi ya sa ake ce mini Mai Tara. Matata ta rasu ta bar mini ɗiya ƙarama, na rene ta da kaina. Duk wannan ban sunkuyar da kai gaban kowa ba. Amma ranar nan ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ɗiyar tawa Ramatu ce. Ta yi karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Maradi. Da ta gama, ta ce za ta yi wa ƙungiyar manomanmu aiki. Rigimar manoman ɗaya ce kullum: ruwa. Kowa ya ce yau layinsa ne, har a ɗaga fartanya. Ramatu ta bi gonakin nan da ƙafa, ta masu zogale da ta masu albasa, rana ta ƙona ta ta yi baƙi. Sannan ta rubuta wani abu cikin ordinatarta mai zana gonakin duka. Gonar da ke da ruwa yau ta fito kore, mai jiran gobe ta fito ja. Ko wanda bai iya karatu ba ya gane. Na gani da idona a gidanmu na Sabon Gari, ni ma na gane.

(A nan na fara kuskure. Ni da ba na surutu, sai da na cika wa mutane kunne da zancen. Har wanda ya kawo gyaran buji, fulogin inji, sai ya ji labarin Ramatu.)

Shugaban ƙungiya, Alhaji Mamman, ya sa rana. Sharaɗinsa ɗaya. Ya ce, "Ordinatarki za ki tafi da ita gida. A tamu ta biro, ofishin ƙungiya, muke so mu gani. In ta zana, mun karɓa, ke za ki riƙe aikin. In ba ta zana ba, mu koma yadda muka saba."

Ranar, biro ya cika. Wasu a benci, wasu a taga. Ramatu ta zuba aikinta cikin ta biro, wani babban akwati mai ƙura. Ta danna. Babu gona, babu kore, babu ja. Baƙin allo ne da ƴan layukan rubutu.

Ta sake dannawa. Haka. Ta kashe ta kunna. Haka. Ta cire abin zanen ta sake sakawa. Layukan nan suka dawo kamar masu bin bashi.

Sani Ɗan Tibiri, abokin wasana tun muna samari, ya leƙo ta taga. "Mai Tara, wannan gonar taka ce? Na ga ba a shuka komai ba."

Aka yi dariya. Na matsa kusa da ita na ce, "Mene ne?"

Ta ce, "Baba, aikina lafiya yake. Da ya tashi zane, akwai wani abin zane da yake kira. Shi kuma abin zanen ba ya tsayawa shi kaɗai, sai ya jingina da wasu ƙananan abubuwa, DLL ake ce musu. Tawa tana da su. Wannan ba ta da su. Shi ne take faɗa a rubutun nan."

"Ana samu?"

"Ana samu. Sai dai nan babu rezo mai ƙarfi na shiga intanet. Bari in je unguwar Zariya a Maradi, gidan ƙawata, in ɗauko."

Alhaji ya dubi agogo ya ce mutane suna da ban ruwa, ba za su wuce azahar ba. Ta miƙo mini ordinatarta ta ce, "Baba, riƙe mini." Ta hau kabu-kabu ta tafi.

Na zauna da abu a cinya. Mutane suka fara guna-guni. Wani ya ce dama aikin yara ne. Wani ya ce mace da rabon ruwa, ina aka taɓa yi. Wannan maganar ce ta shige ni.

Sai na yi tunani irin nawa. Me ta ce? Wannan tana da shi, waccan ba ta da shi. To, ai aikina ke nan tun ina yaro. Inji biyu, ɗaya na tafiya ɗaya ya mutu: ka buɗe su, ka duba abin da ke cikin wannan babu a wancan, ka ciro ka saka. Me ya kai mutum har Zariya alhali ga abu a cinyata?

Na ce, "Ku ba ni wuri."

Ɗan Tibiri ya ce, "Kai, Mai Tara, ba injin ruwa ba ne fa."

Na ce, "Inji inji ne."

(Ku riƙe wannan maganar. Su ma sun riƙe ta.)

Na cire hulata na shimfiɗa don zuba kusoshi. Na fito da turnabis na kwance kusoshi. Ta biro ba ta ba ni wahala ba. Ta Ramatu kuwa kusoshinta kamar ƙwayar gero, amma na kwance su. Manoma suka zagaye ni, shiru. Gaskiya na ji daɗin shirun. Har bayani na fara yi musu, ni da ban san sunan ko abu ɗaya a ciki ba.

Na duba nan, na duba can. A cikin ta Ramatu na ga wani ɗan falle kore mai haƙoran zinariya. A cikin ta biro na ga rami dogo, wayam, ba komai a ciki. Na ce, "Ga shi nan. Ga abin da ya ɓata, ga kuma gurbinsa."

Wani dattijo ya ce, "Allahu akbar. Sana'a dai sana'a ce."

Na ɓalle fallen na kai ramin. Ya ƙi shiga. Na juya shi. Ya ƙi. Haƙoransa ba su dace da ramin ba. Ban damu ba. Abin da ya ƙi shiga, a wurina maganinsa sananne ne. Na sa hannu a jaka na ciro magagari. Na dafe fallen a gwiwa, na ɗaga hannu.

"Baba."

Ba ta ɗaga murya ba. Tana tsaye bakin ƙofa, ƙura har gira, ɗan makullin nan da ake zuba aiki a ciki yana hannunta. Ta dubi ordinatarta a buɗe kamar kazar da aka fige. Ta dubi hulata. Ta dubi magagari.

"Baba, me za ka goge?"

Na ce, "Ya ɗan yi faɗi."

Ta zo ta durƙusa gabana, ta zare fallen daga hannuna a hankali, yadda ake karɓe wuƙa hannun yaro. Ta ce, "Abin da ya ɓata ba ƙarfe ba ne, Baba. Rubutu ne. Ba a ganinsa, ba a taɓa shi. Ga shi nan na ɗauko."

Ɗan Tibiri ne ya fara. Dariya ta kama shi har ya saki taga ya zauna ƙasa. Sai biro duka ya ɗauka. Dattijon da ya yi kabbara ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Ni dariyar ba ta dame ni kamar idon Ramatu ba. Ruwa ya taru a ciki. Sai lokacin na tuna duk tafiyar da ta yi a gonakin nan tana cikin abin da na fige.

Na ce, "Zai tashi?"

Ta ce, "Ban sani ba. Mayar mini yadda ka gan shi."

Na mayar. Ta danna. Allo baƙi. Babu wanda ya yi dariya yanzu. Ta sake buɗewa, ta danne fallen da babban yatsa har ya ce ƙas. Ta danna. Haske ya kawo. Ta sauke numfashi, ni ma na sauke nawa a ɓoye.

Na rufe ta biro. Ta soka makullinta, ta zuba abin da ta ɗauko, ta kashe ta kunna. Aikin bai kai shan shayi ba. Ana kiran azahar gonaki suka fito, kore da ja. Manoma suka yi caa a kan allo, kowa na neman tasa. Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ƴar nan, aiki naki ne. Amma da sharaɗi: kar babanki ya shigo biron nan da jaka."

A hanyar gida ina tuƙa ta a babur har muka shigo gari. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Baba, don ni ka yi. Na sani." Na ce ta riƙe da kyau, akwai rami.

Da na sa hulata da yamma, wani abu ya soke ni a ka. Kusa ce ɗaya, ƴar mitsitsiya, ta ordinatar Ramatu. Na kai mata. Ta ce in bar ta, ordinatar na tafiya haka nan.

Yanzu Ramatu ke rabon ruwa, faɗa ya ragu, ina cin tuwona da daɗi. Ɗan Tibiri kuwa ko agogonsa ya tsaya sai ya aiko a ce mini inji inji ne. Kusar tana aljihuna. In aka kawo mini abin da ban sani ba aka ce wani abu ya ɓata a ciki, sai in taɓa ta, in tambaya tukuna: abin nan, ana iya riƙe shi a hannu? In aka ce a'a, jakata ba ta buɗuwa.