Rasuwar Kyamarata a Hannun Masu Binciken Kaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da har yanzu bai bar ni na ci tuwo da daɗi ba, ni Halliru Mai Hoto na Potiskum nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kyamarata mai amfani da fim. Ta rasu ranar Talata a wani filin jirgin sama da muka yada zango a hanyar dawowa daga Umara, tana da shekara arba'in da uku a gidanmu.

Kawuna Ari, yayan Innarmu, shi ya sayo ta a Kano, ya bar wa mahaifina ita lokacin da zai tafi Makka, tafiyar da har yau bai dawo ba. Marigayiyar ba ta taɓa neman caji ba, ba ta taɓa cewa ta cika ba. Ta ɗauki angwaye, ta ɗauki dillalai rungume da bijimansu a Kasuwar Shanu, ta ɗauki 'yan makarantar Fika aji bayan aji. Maganarta biyu ce a duniya, "ƙyas" idan ta ɗauka, "ƙirrr" idan ana naɗe fim, kuma ba ta taɓa yi wa fuskar kowa ƙarya ba.

Aikinta na ƙarshe shi ne ya fi kowanne nauyi. Da zan tafi Umara, Inna ba ta nemi dabino ko zamzam ba, hoton yayanta kawai ta ce in kawo mata, na kati, wanda za ta riƙe a hannu. Kawu Ari kuwa, da na same shi a Makka, ashe ya daɗe da haramta wa kansa hoto, ko 'ya'yansa ba sa ɗaga waya a gabansa. Kwana huɗu ina lallashi a banza. Sai da na fito da marigayiyar ya gane ta, ya shafa ta, ya gyara hula, ya ce sau ɗaya tak, kuma don ƙanwarsa. Sau ɗayan na ɗauka.

Ciwon ajalinta tun daga gida ya samo asali. An gaya mini na'urar binciken kaya tana ƙone fim, sai na kai kukana wurin Kashim mai walda. Shi ya ƙera mata akwatin ƙarfe, ya shimfiɗe cikinsa da dalmar tsohon batirin tirela, ya sa kwaɗo biyu, ya rantse ko aljani ba zai leƙa ciki ba. Gaskiya ya faɗa. A tafiya na buɗe na nuna aka bar ni na wuce. A dawowa kuwa, makullan suna aljihun jallabiyata, jallabiyar tana cikin babbar jaka, jakar ta riga ta shige cikin jirgi.

Sau huɗu suka tura akwatin cikin na'ura, sau huɗu yana fitowa baƙin dunƙule a allonsu. Aka tsayar da layi, aka cire mini takalmi, aka kira babba, babban ya kira nasa babban. Na yi bayani da Hausa, na yi da Turanci, na haɗa da ɗan Larabcin Islamiyya, babu wanda ya kalle ni. Suka ɓalle kwaɗon da ƙarfe. Wani jami'i da marigayiyar ta girme shi nesa ba kusa ba ya juya ta yana neman allon kallo, da bai gani ba sai ya zura sukudireba ya banƙare bayanta a ƙarƙashin fitilun da suka fi rana haske. Ya zaro fim ɗin kamar mai zare hanjin kaza, ya duba, ya gyaɗa kai, ya miƙo mini tare da murmushi. Har ya yi mini fatan sauka lafiya.

An wanke fim ɗin a Kano, ya fito baƙi ƙirin daga farko har ƙarshe. Bakanike ya duba marigayiyar ya ce sai haƙuri.

Ta rasu ta bar jakar fata ɗaya, fitila mai tsufa, da fim uku a firij waɗanda ba su san sun zama marayu ba. Ta bar ni.

Za a naɗe ta a farin ƙyalle a ajiye ta saman kabad ɗin shagona ranar Asabar bayan la'asar. An yafe wa Kashim zuwa. Zaman makoki a shago za a yi shi, ina roƙon kada kowa ya biyo ni gida da gaisuwa, domin Inna ba ta sani ba. Na ce mata hoton yana Kano ana wankewa. Jiya ta sa an buga mata ƙusa a bango, daidai inda idonta yake sauka idan ta idar da salla.